Wiwin da jiki ke haɗawa da kansa, da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da aka daɗe ana rainawa

Akwai wata magana da ta fara zama a bakin samari a garin nan na Kaduna, za ka ji ta a majalisun Tudun Wada, za ka ji ta a Kawo da Rigasa, wai ai jikin ɗan Adam ma yana haɗa wiwi da kansa, to tunda Allah Ya riga Ya sa irinta a cikin kanmu mene ne laifin wadda ake naɗewa a takarda. Wasu a TikTok suka tsince ta, wasu kuma ɗan ajinsu da ke karatun likita ne ya faɗi wani abu suka kama kan zancen suka bar gindinsa. Abin da ya sa maganar ke damuna shi ne rabinta gaskiya ce, kuma ba za ka iya kashe ta da tsawa ko wa'azi kaɗai ba, sai ka zauna ka nuna wa mutum yadda abin yake aiki a ciki, shi da kansa zai ga inda ta karkace.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya da ake kira niyuron kusan biliyan 86, kuma duk abin da muke cewa tunani ko tuna baya ko tsoro ko ɗaga hannu, saƙo ne ke wucewa daga wannan zuwa waccan. Amma ba manne suke da juna ba, akwai ɗan gibi a tsakani wanda bai wuce nanomita 20 zuwa 40 ba, nanomita kuwa kaso ɗaya ne cikin miliyan na milimita, wannan mahaɗar ita ce sinaf. Idan saƙon lantarki ya iso bakin niyuron mai aikawa sai ƙofofin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya kwarara ciki, sai ta watsa sinadari cikin gibin, ta gaba ta karɓa. Manyan sinadaran guda biyu ne, gulutamet mai zuga ta gaba ta tashi, da GABA mai kwantar da ita. Idan zuga ta yi yawa babu mai kwantarwa to nan ne ake samun farfaɗiya, har ma niyuron ta mutu saboda gulutamet ɗin da ya yi mata yawa guba ne.

Shekara da shekaru a haka ake koyarwa, cewa hanya ɗaya ce, mai aikawa ta aika mai karɓa ta karɓa, shi kenan. Binciken wiwi ne ya ɓallo abin da ya rushe wannan. A 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni a Isra'ila suka tace THC, wato sinadarin da ke bugarwa a cikin ganyen. A 1988 Allyn Howlett da ɗalibinta William Devane a Amurka suka nuna cewa ƙwaƙwalwar ɓera tana da wata makarɓa ta musamman, wato wani gurbi a jikin niyuron da sinadari ke kamawa ya isar da saƙonsa, wadda THC ke kamawa, ita ce aka sa wa suna CB1 bayan an gano tsarin halittarta a 1990. To daga nan tambaya ta taso, kuma tambaya ce mai kyau, me zai sa ƙwaƙwalwa ta tanadi makarɓa saboda wani ganye da yawancin dabbobi ba za su taɓa gani ba? Dole akwai wani abu nata na cikin gida da aka yi makarɓar dominsa. A 1992 aka ciro shi daga ƙwaƙwalwar alade a ɗakin binciken Mechoulam a Kudus, aka kira shi anandamaid, a 1995 kuma aka samo na biyu, 2-AG, su Mechoulam da kuma Takayuki Sugiura a Japan kowa ta nasa ɓangaren, kuma wannan na biyun ya fi na farko yawa nesa ba kusa ba a cikin ƙwaƙwalwa. Su biyun nan ne ake kira endokanabinoid, wato masu kama da sinadarin wiwi da jiki ke haɗawa da kansa. To ka ga inda samarinmu suka samo rabin gaskiyarsu.

Aikin da suke yi sai a 2001 ya fito fili, ƙungiyoyi uku suka buga kusan lokaci guda, Wilson da Nicoll, su Masanobu Kano, da Kreitzer da Regehr. Abin da suka gani shi ne saƙon baya yake komawa. Niyuron mai karɓa idan aka dame ta da saƙo, kalsiyam ya taru a cikinta, sai nan take wani enzayim, wato sinadarin jiki mai haɗa wasu sinadarai ko farfasa su, ya gutsuri ɗan kitsen da ke jikin fatarta ya mai da shi 2-AG, ba ajiye shi ake yi ba fa, babu wata ma'ajiya da ake tara shi a jira, a lokacin da buƙata ta taso ake haɗa shi, sai ya tsallaka gibin ya koma wajen mai aikawa ya kama CB1 da ke bakinta, ƙofofin kalsiyam ɗinta su ɗan rufe, sinadarin da take watsawa ya ragu. Wato mai sauraro ce ke ce wa mai magana rage. Abin bai wuce 'yan daƙiƙoƙi zuwa goma-goma ba, tazarar da yake kaiwa ma kusan maikuromita 20 ce, maikuromita kuwa kaso ɗaya ne cikin dubu na milimita, sai wani enzayim mai suna MAGL ya farfasa shi komai ya koma yadda yake. Shi anandamaid nasa mai farfasawar FAAH ne.

Kuma amfaninsa ba ƙarami ba ne. Giovanni Marsicano da Beat Lutz a Jamus sun nuna a 2003 cewa ɓerayen da aka cire wa CB1 daga niyuron masu zuga farfaɗiyarsu ta fi tsanani ƙwarai idan aka tayar da ita da magani. A 2002 kuma su ɗin dai suka nuna wani abu da ni ya fi taɓa ni, an koya wa ɓeraye tsoron wata ƙara ta hanyar haɗa ta da ɗan shokin, daga baya aka riƙa kunna ƙarar babu shokin, lafiyayyun ɓeraye a hankali suka saki jiki suka daina sandarewa, waɗanda ba su da CB1 kuwa suka ci gaba da sandarewa da zarar sun ji. Mu a jihar nan da muke da mutanen da suka dawo daga hannun masu garkuwa, wasu har yau ƙarar babur da daddare tana sa gabansu faɗuwa, ya kamata mu san cewa sakin tsoro ma aiki ne da ƙwaƙwalwa ke yi da kayan aikinta, kuma wannan tsarin yana ciki.

Duk wannan labarin niyuron da niyuron ne. Akwai na uku a wurin, wanda aka yi sama da shekara ɗari ana kallonsa ana wucewa.

Wasu ƙwayoyi ne na ƙwaƙwalwa da ba niyuron ba, Rudolf Virchow na Jamus ne ya sa musu suna giliya a 1856, a ɗaukarsa wani abu ne kawai da ke cike tsakani yana riƙe jijiyoyi kar su watse. Da aka fara auna lantarkin ƙwaƙwalwa kuma sai aka ga su ba sa harba saƙo irin na niyuron, shi kenan aka ƙara yin watsi da su. Har a ƙidaya ma an daɗe ana maimaita kuskure, littattafai da yawa suna cewa sun ninka niyuron sau 10, sai a 2009 su Suzana Herculano-Houzel a Birazil suka ƙirga da sabuwar dabara suka ga kusan kunnen doki ne, ɗaya da ɗaya. Rabin ƙwayoyin da ke cikin kanka kenan fa. Kala-kala ne, akwai oligodendirosait masu naɗe doguwar jijiya da kitse har saƙo ya riƙa gudun sama da mita 100 a daƙiƙa, akwai maikurogiliya masu tsaro da share datti, su ne kuma ke cinye mahaɗun da ba a amfani da su lokacin da ƙwaƙwalwa ke girma, kuma suna ɗauke da makarɓa ta biyu, CB2, wadda ke da hannu wajen rage kumburi. Amma wadda zancenmu ya fi shafa ita ce astirosait, mai siffar tauraro.

Ita astirosait rassa gare ta sirara birjik, wasu sun kewaye mahaɗu, wasu sun dafe jijiyoyin jini. Guda ɗaya tak a ƙwaƙwalwar mutum tana iya taɓa mahaɗu har kusan miliyan 2. Da zarar an watsa gulutamet ita ce ke tsotse mafi yawansa kafin ya yi ɓarna, ta mai da shi gulutamin ta miƙa wa niyuron ta sake haɗa sabo, ita ce ke kwashe fotashiyam ɗin da ya taru a waje bayan an harba saƙo, kuma tana ɗauko suga daga jini ta mai da wani ɓangarensa laktet ta ba niyuron a matsayin makamashi. Ko a nan ta tsaya ai ba abar rainawa ba ce. Sai a 1990 Ann Cornell-Bell da abokan aikinta a jami'ar Yale ta Amurka suka zuba gulutamet a kan astirosait da aka raina a ɗakin bincike, suka ga kalsiyam yana tashi a cikinsu yana bi daga wannan zuwa waccan, ashe suna ji, yarensu ne daban, da kalsiyam suke amsawa ba da lantarki ba, kuma a hankali, cikin daƙiƙoƙi. Daga baya aka ga suna iya sakin nasu sinadaran, gulutamet da ATP da D-serin. Shi ya sa a 1999 Alfonso Araque da Philip Haydon da abokansu suka ce a daina cewa mahaɗa ɓangare biyu ce, uku ce.

To inda labaran biyu suka haɗu shi ne a Madrid, a Cibiyar Cajal. A 2008 Marta Navarrete da Araque suka nuna cewa astirosait ma tana da CB1, kaɗan ce ƙwarai idan aka kwatanta da ta niyuron, shi ya sa aka daɗe ba a gan ta ba, amma tana aiki, idan niyuron ta saki endokanabinoid kalsiyam yana tashi a cikin astirosait ɗin da ke kusa. A 2010 suka bi sawun abin da ke biyo baya a hifokampus, sashen da ke da alhakin ajiye sabon abu, kuma a nan ne ni dai nake ganin kyan halittar ya fito. Shi wannan sinadarin da ya ce wa mahaɗar kusa rage, shi ne dai ya taɓa astirosait, ita kuma da yake rassanta sun yi nisa sai ta saki gulutamet a can wata mahaɗar da sinadarin da kansa ba zai iya kaiwa ba, kuma a can ƙara ƙarfin saƙo take yi. Sinadari ɗaya, lokaci ɗaya, a nan ya rage a can ya ƙara, bambancin kawai wa ya karɓe shi. Kuma ba da ka take yi ba, a 2015 aka nuna a sashen da ke sarrafa motsi cewa akwai rukunin astirosait da ke amsa wa wani nau'in niyuron kaɗai, wani rukunin kuma ga ɗaya nau'in, alhali a cakuɗe suke a wuri guda. A 2017 kuma aka gani a amigdala, cibiyar tsoro, cewa astirosait na raunana hanyar da ke zuga tsoro tana ƙarfafa mai kwantar da shi, ɓerayen da aka tayar wa astirosait ɗin wurin sandarewarsu ta ragu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu noman rani a bakin kogin Kaduna ya ga yadda ake ban ruwa, mutum na riƙe da fartanya, ya buɗe wa wannan fangalin ya sha daidai, ya toshe da laka, ya buɗe na gaba, ya san alayyahu ba irin shan tumatir yake ba. A watan Satumba kuma idan kogin ya cika ya tumbatsa ya shafe gonakin gaba ɗaya, ai shi ma ruwa ne, ruwan kogin nan ne dai, amma babu manomin da zai ce an yi masa ban ruwa. Wannan shi ne tsakanin 2-AG da THC. Makarɓa ɗaya suke kamawa, nan gaskiyar samarin ta tsaya. THC yana bin jini ya shiga ko'ina lokaci guda, mahaɗar da ta nemi a rage da wadda ba ta nema ba, niyuron mai zuga da mai kwantarwa da astirosait duka, kuma MAGL ba ya iya farfasa shi, sai hanta ta yi ta fama da shi awanni, ga shi yana maƙalewa a kitsen jiki ya yi kwanaki. Saƙon da duk ma'anarsa ita ce a ina kuma yaushe, an mai da shi ko'ina kuma kullum.

Kowa a unguwa ya san alamar. A aiki yaro shago ya sayo sabulu da magi da kati, ya fita da kuɗin a hannu, ya isa gaban kanta ya tsaya yana kallon kaya yana murza takardar kuɗin, mai shago ya ce me za a ba ka, ya buɗe baki ya rufe, abu uku ne kacal kuma minti biyar bai yi ba da aka faɗa masa. Bai manta sunansa ba, bai manta hanyar gida ba, abin da ya kamata ya riƙe na ɗan lokaci ne ya zube. A 2012 ƙungiyar Xia Zhang a Kanada da ta Marsicano a Faransa suka buga a mujallar Cell wani bincike a kan daidai wannan. Suka samar da ɓeraye kala-kala, wasu an cire musu CB1 daga niyuron masu gulutamet, wasu daga masu GABA, wasu kuma daga astirosait kaɗai, aka ba su THC aka gwada su a aikin da ke buƙatar riƙe wuri a kai na ɗan lokaci. Waɗanda aka cire wa ta niyuron duk sun rikice kamar sauran. Waɗanda aka cire wa ta astirosait ne suka tsira. Abin da ke faruwa shi ne THC na sa astirosait ta zubar da gulutamet a inda bai kamata ba, niyuron kuma ta janye wasu makarɓanta zuwa ciki, mahaɗar ta yi rauni na dogon lokaci. Ɗan hakin da aka raina kenan.

Kuma kar a ɗauka cewa to ai sai a toshe CB1 ɗin astirosait a huta. A 2018 ɗakin binciken Marsicano ya nuna cewa ɓerayen da ba su da CB1 a astirosait ba sa iya tuna abin da suka taɓa gani yadda ya kamata, saboda D-serin ɗin da mahaɗa ke buƙata kafin ta ƙarfafa ba ya samuwa, da aka ba su D-serin tunawar ta dawo. A 2020 kuma a mujallar Nature, tare da su Juan Pedro Bolaños na Sifen, aka gano CB1 har a jikin maitokondiriya ta astirosait, wato inda ake ƙona abinci a samar da ƙarfi, THC na rage laktet ɗin da take ba niyuron, ɓerayen suka rage cuɗanya da 'yan uwansu, da aka ba su laktet suka dawo. Ni idan na ga matashin da da shi ne mai raha a gida yanzu ya koma kulle kansa a ɗaki, wannan binciken nake tunawa, duk da dai ɓera ba mutum ba ne kuma abin da ke sa mutum janye jiki yana da yawa.

Gara ma in faɗi wannan a fili, su kansu masana ba su gama daidaitawa a kan ƙarfin muryar astirosait ba. Ken McCarthy a Amurka ya buga a mujallar Science a 2010 cewa ya hana kalsiyam tashi a astirosait ɗin ɓeraye kuma bai ga wani canji a mahaɗun hifokampus ba, a 2018 ma wata mujallar ta buga ɓangarorin biyu gefe da gefe, su McCarthy na cewa sakin sinadarin nan ba ya faruwa a lafiyayyar ƙwaƙwalwa, su Andrea Volterra na cewa yana faruwa, kayan aunawar farko ne ba sa ganin ƙananan tashin kalsiyam a siraran rassa. A ganina hujjar masu cewa yana faruwa ta fi nauyi yanzu, musamman gwaje-gwajen da aka cire CB1 daga astirosait kaɗai halin dabbar ya canza, wannan da wuya a yi masa wani bayani. Amma mafi yawan aikin a kan ɓeraye ne da yankakkun sassan ƙwaƙwalwa a faranti, duk wanda ya zo maka da magani yana cewa yana gyara giliya to ka riƙe kuɗinka.

Abin da aka tabbatar a jikin mutane kuwa ya isa ya tayar da hankali. Binciken ƙasa da hukumar ƙididdiga ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Najeriya cikin shekara guda. Binciken da Marta Di Forti ta jagoranta a biranen Turai da Birazil, wanda ya fito a 2019, ya nuna masu sha kullum haɗarin taɓin hankalinsu ya ninka kusan sau 3, idan kuma mai ƙarfi ce wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 cikin ɗari zuwa sama, kusan sau 5. Sannan ga abin da yaranmu ke kira kolos, wanda galibi ganye ne aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a ɗakin haɗa magunguna, shi THC na ganye rabi-rabi yake murɗa CB1, waɗannan kuwa har ƙarshe suke murɗa ta, shi ya sa ake ganin yaro ya faɗi yana shure-shure ko ya tuɓe a titi, tsarin da ya kamata ya hana farfaɗiya ne aka birkita. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, ɗan shekara 15 yana tsakiyar lokacin da ake zaɓar mahaɗun da za a bari da waɗanda za a cire.

Ko manyan kamfanonin magani da suka shiga tsarin nan da lissafi sun sha wuya. Rimonabant, maganin rage ƙiba mai toshe CB1, an amince da shi a Turai a 2006, a 2008 aka janye shi saboda ciwon damuwa da tunanin kashe kai da ya jawo wa wasu. A Janairun 2016 a garin Rennes na Faransa, wajen gwajin wani magani mai hana FAAH aiki, mutum ɗaya ya mutu wasu suka samu lahani a ƙwaƙwalwa. Wanda ya yi nasara shi ne Epidiolex, tataccen CBD, wani sinadarin ganyen wiwi da ba ya bugarwa, da Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani, da awo da kulawar likita, ba man da ake talla a Instagram ba.

Ga wanda ya riga ya shiga kuma, ko iyayen da ke da irin wannan a gida, akwai wani bincike na 2012 da ya kamata su sani. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shan wiwi kullum da na'urar PET aka ga CB1 ɗinsu ta ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari a saman ƙwaƙwalwa, niyuron sun janye ta saboda an dame ta, shi ya sa mutum ke ƙara yawan abin da yake sha, shi ya sa kuma idan ya daina nasa 2-AG ɗin ba ya samun isasshen wurin kamawa, sai rashin barci da saurin fushi da rashin cin abinci da munanan mafarkai, makon farko ya fi tsanani kuma a nan yawanci ake komawa. Amma da aka ajiye su a asibiti kusan mako 4 ba su sha ba aka sake ɗaukar hoton, makarɓar ta dawo daidai. Waɗannan makonnin ne ake buƙatar wani ya zauna da shi, a ba shi abinci ko bai nema ba, a fita da shi ya motsa jiki tunda gudu ma yana ɗaga anandamaid a jini, a raba shi da majalisar da yake samu. Idan kuwa ya fara jin muryoyi ko zargin ana binsa ko ana sa masa guba a abinci, wannan ya wuce na gida, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa tun da wuri.